Sule Takwas a Kan Kowane Yaro: Tarihin Awon Makarantu da Karrama Zakarunsu

A farkon shekarar 1862, Robert Lowe, wanda ragamar harkokin ilimi ke hannunsa a gwamnatin Birtaniya, ya miƙe a zauren majalisar dokoki da ke Landan domin kare wani sabon tsari na bai wa makarantun firamare kuɗi. Ya shaida wa 'yan majalisa cewa ba zai yi musu alkawarin tsarin zai zo da araha ba, ba kuma zai yi musu alkawarin zai zo da inganci ba, amma ɗaya daga cikin biyun ba makawa: in bai yi araha ba zai yi inganci, in kuwa bai yi inganci ba zai yi araha. Maganar ta yi daɗin ji, har yau ana maimaita ta a darussan tarihin ilimi. A ƙarƙashinta akwai tambayar da kowace gwamnati mai kashe dukiyar jama'a a kan makarantu ke cin karo da ita: ta yaya za a gane makarantar da ke aikinta, kuma idan an gane ta, da me za a saka mata? Fiye da shekara 160 ke nan ana ɗinka amsar wannan tambaya, ana warwarewa, ana sake ɗinkawa.

Gwamnatin Birtaniya ta fara sa hannu a ilimin 'ya'yan talakawa a 1833 da fam 20,000, wanda ta raba wa ƙungiyoyin addini masu gina makarantu. Kafin 1861 kuɗin ya haura fam 800,000 a shekara, a daidai lokacin da baitulmali bai gama farfaɗowa daga yaƙin Kirimiya ba. Hukumar binciken da aka kafa a 1858 a ƙarƙashin Duke na Newcastle ta miƙa rahotonta a 1861, ta yi iƙirarin cewa malamai sun fi mayar da hankali ga 'yan kaɗan ɗin da ke manyan azuzuwa, waɗanda za su faranta wa sufeto rai idan ya zo, suka bar ƙananan yara a hannun 'yan koyon malanta. Mafi yawan yara kuwa kan bar makaranta tun suna 'yan shekara goma ko sha ɗaya, su tafi gona ko masana'anta. Ma'ana, yaron da ya fi buƙatar malami shi ne wanda malami bai taɓa tsayawa a kansa ba. Ƙorafin na da tushe, kuma ya kamata a riƙe wannan a zuci kafin a shiga lissafa ɓarnar da maganin ya yi.

Maganin da Lowe ya kawo ba shi da wuyar fahimta. Makaranta za ta samu sule huɗu a kan kowane yaro bisa matsakaicin yawan masu halarta. Za kuma ta samu ƙarin sule takwas a kan duk yaron da ya wuce shekara shida, ya halarci zama 200 na safe ko na yamma a shekara, ya kuma ci jarrabawar sufeto a karatu da rubutu da lissafi. Duk fannin da yaro ya faɗi, za a zabtare sule biyu da kwabo takwas. Aka tsara matakai shida: a na farko yaro zai karanta labari mai gajerun kalmomi, ya rubuta haruffa a kan allo, a na shida zai karanta sakin layi daga jarida, a yi masa shifta daga wani. Sau ɗaya a shekara sufeto zai zo ya kira yara ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin na shiga hannun masu kula da makaranta ne, su kuma sukan ɗaure albashin malami da abin da ajinsa ya samo. A taƙaice, abincin gidan malami na shekara guda ya rataya a kan bakin yaro ɗan shekara bakwai a safiya guda.

Araha dai ta samu. Cikin 'yan shekaru tallafin ya sauko zuwa kusan fam 636,000 a 1865, alhali matsakaicin yawan masu halarta ya tashi daga ƙasa da 900,000 zuwa sama da miliyan ɗaya tsakanin 1862 da 1866. Yaron da ke can ƙurya, wanda a da ba a san da zamansa ba, ya zama mai daraja, domin akwai sule takwas a kansa kamar kowa. Masu kare Lowe har yau a nan suke kafa hujja, kuma ba ƙarya suke yi ba.

Sai dai malamai ba su ɗauki lokaci ba suka gane cewa abin da ake biya ba karatu ba ne, cin jarrabawar karatu ne, kuma tsakanin biyun akwai tazara mai faɗi. Da yake daga littafin aji sufeto ke zaɓo abin da za a karanta, sai aka riƙa bitar littafi guda shekara cur har yara suka haddace shi. Yaro na iya rero shafi ba tuntuɓe alhali ba zai iya fitar da layi ɗaya daga wani littafin ba. Tarihi da labarin ƙasa da nahawu, tun da ba kwabo a kansu, suka fara ɓacewa daga azuzuwa. Yaro mai hazaƙa ba shi da wata riba ga malami: ko ya yi fice, sule takwas ɗin ne dai, kuma tun da ba a biya sau biyu a mataki ɗaya, hikima ita ce a riƙa ɗaga shi mataki-mataki, kada ya ƙare matakan da wuri. Wanda aka fid da rai da shi aka yi watsi da shi. Ranar zuwan sufeto kuwa akan ɗauko yara marasa lafiya daga kan gado, a lulluɓe su a kawo, don kada a yi asarar kuɗinsu. Matthew Arnold, wanda duniya ta fi sani da waƙa da sharhin adabi amma ya shafe shekara 35 yana aikin sufeton makarantu, ya soki tsarin tun kafin a fara aiki da shi, ya kuma ci gaba da rubutawa a rahotanninsa cewa koyarwa ta koma aikin inji, azuzuwa sun rasa rai. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda aikin sufeto kansa ya lalace: mutumin da a da yake zama ya saurari darasi ya ba da shawara ya koma mai ƙirgen wanda ya ci da wanda ya faɗi.

Gwamnati ba ta janye ba, sai ta shiga faci. A 1867 aka ƙara 'yan kuɗi a kan wasu darussa na musamman, nan take darussan suka dawo, su ma a siffar hadda. A 1882, zamanin A. J. Mundella, aka ɓullo da abin da za a iya kira kakan lambobin yabon makarantu: tukuicin cancanta. Sufeto zai dubi makarantar gaba ɗayanta, tsarinta da tarbiyyarta da yadda ake koyarwa, ya sa ta a ɗaya daga cikin rukuni uku, mai dama-dama ko mai kyau ko fitacciya, a ƙara mata sule ɗaya ko biyu ko uku a kan kowane yaro. Niyyar ita ce a saka wa abin da jarrabawa ba ta gani. A aikace, sufetoci da yawa sun ci gaba da duban yawan waɗanda suka ci jarrabawa kafin su furta kalmar, malamai kuma suka samu sabon abin fargaba: ra'ayin mutum guda wanda ya sha bamban daga gunduma zuwa gunduma. Daga 1890 aka fara rushe tsarin biya bisa sakamako, kafin ƙarnin ya ƙare ya zama tarihi a Ingila. Edmond Holmes, wanda ya kai matsayin babban sufeton makarantun firamare, ya wallafa littafi a 1911 bayan ya yi ritaya, inda ya amsa cewa shi da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna hidima ga tsarin da ya danne tunanin yara da na malamansu. Tuba ce mai kyau, sai dai ta zo bayan wata zuriya guda ta riga ta wuce ta cikin azuzuwan.

Daga Landan zuwa Legas

Abin da Ingila ke shirin yarwa, shi ta aika wa ƙasashen da take mulka. Dokar ilimi ta 1882 da aka yi wa yankunan Birtaniya na Afirka ta Yamma, har da Legas, ta ɗauko ruhin tsarin Lowe: tallafi ga makarantun mishan bisa yawan masu halarta da yawan waɗanda suka ci jarrabawa. Aka naɗa Metcalfe Sunter, shugaban kwalejin Fourah Bay ta Saliyo, sufeto guda ga yankin gaba ɗaya, aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya a zamanin tafiya da jirgin ruwa. Daga baya Henry Carr ya riƙe aikin a Legas. Bayan haɗe Kudu da Arewa, Lugard ya sauya ma'aunin a dokarsa ta 1916: kashi 40 cikin ɗari na makin makaranta a kan jarrabawa da ci gaban ɗalibai, kashi 30 a kan ɗa'a da tsari da tarbiyya, kashi 20 a kan malamai, kashi 10 a kan gine-gine da kayan aiki da tsafta. A takarda wannan ya fi na Lowe hankali. Amma wanda ya san irin ƙorafin da Lugard ke yi a kan 'yan bokon Legas, cewa ba su da ladabi ga hukuma, zai gane abin da kashi 30 ɗin nan ke nufin aunawa. Duk ma'aunin da ya guje wa jarrabawa yakan faɗa hannun ra'ayin mai dubawa, mai dubawa kuwa yana da ubangida.

A lardunan Musulmi na Arewa wannan ciniki bai yi tasiri sosai ba, domin makarantun boko na farko, tun daga ta Nasarawa da Ɗan Hausa ya buɗe a Kano a 1909, na gwamnati ne da na En'e, ba na mishan masu jiran tallafi ba. Gadon da ya game ƙasar duka daga baya shi ne ɗabi'ar auna makaranta da jarrabawar da wani ya tsara daga waje.

Abin da yaro ya zo da shi daga gida

A 1966 wani bincike ya girgiza duk wannan lissafi. Majalisar dokokin Amurka, ta cikin dokar 'yancin jama'a ta 1964, ta nemi a binciki bambancin damar ilimi tsakanin farare da baƙaƙe. James Coleman da tawagarsa suka tattara bayanan ɗalibai fiye da 600,000 a makarantu kimanin 4,000. An zaci za a ga cewa gine-gine da kuɗi da kayan aiki ne ke raba makarantu. Abin da aka gani shi ne cewa halin gidan da yaro ya fito, da irin gidajen da abokan karatunsa suka fito, sun fi komai bayyana bambancin sakamako. An yi ta jayayya a kan hanyoyin binciken, amma ginshiƙinsa ya tsaya. Ma'anarsa ga masu raba lambar yabo ba ta da daɗi: idan aka jera makarantu bisa tsurar sakamako, galibi unguwanni aka jera. Makarantar da ta karɓi 'ya'yan likitoci da lauyoyi ta mayar da su da maki mai kyau tana iya zama ba ta ƙara musu komai ba, wadda ta karɓi yaran da ba su iya haɗa baƙi ba ta kai su tsaka-tsaki tana iya zama ita ce gwana, amma ta farkon ce za ta hau mumbari.

Amurka ta ɗanɗani wannan da shirinta na Blue Ribbon, wanda sakataren ilimi Terrel Bell ya ƙirƙiro a 1982 domin karrama fitattun makarantu. Ba kuɗi a ciki. Tuta da allon yabo aka riƙa bayarwa, ana kuma yin biki a birnin Washington. Duk da haka darajarsa ta kai dillalan gidaje na ambaton sa idan suna tallan unguwa. A shekarun farko makaranta ce ke cike takardar neman shiga mai kauri, tana bayyana kyawawan tsare-tsarenta. A shekarar 2000 Tom Loveless na cibiyar Brookings ya ɗauki wasu makarantun firamare da suka ci lambar ya duba ainihin sakamakon ɗalibansu, bayan ya yi la'akari da ƙarfin aljihun iyaye. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke sahun gaba a jihohinsu, wani kason mai kama da haka kuma yana ƙasa da matsakaici. Ashe wani ɓangare na abin da ake karramawa iya rubutun takarda ne. Aka gyara sharuɗɗan suka jingina da sakamakon jarrabawa, wato aka koma gidan Lowe ta ƙofar baya.

Komawar ta cika a Janairun 2002, lokacin da Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da sunanta ke alkawarin ba za a bar yaro ko ɗaya a baya ba. Dokar ta wajabta jarraba yara a karatu da lissafi kowace shekara daga aji uku zuwa aji takwas, ta kuma tilasta a fitar da sakamakon kowane rukuni daban, baƙaƙe da talakawa da naƙasassu da masu koyon Turanci, don kada makaranta ta ɓoye su a cikin matsakaicin maki. Wannan shi ne alherinta, kuma daidai yake da damuwar hukumar Newcastle a kan yaron ƙurya. Amma ta kafa wa'adin cewa kafin 2014 kowane yaro a ƙasar zai kai matsayin ƙwarewa, da horo mai hauhawa ga makarantar da ta gaza. Kafin 2011 kusan rabin makarantun gwamnati na Amurka sun shiga jerin waɗanda suka gaza.

Inda abin ya fi muni shi ne Atlanta, a jihar Jojiya. Sakamakon makarantun birnin ya yi ta hawa shekara da shekaru, har ƙungiyar shugabannin gundumomin ilimi ta ƙasa ta zaɓi Beverly Hall, shugabar makarantun birnin, gwarzuwar shekarar 2009. A babban taron shekara da ake yi a filin wasa na Georgia Dome, ma'aikatan makarantun da suka cim ma adadin da aka yanka musu ne ke zama a gaba, sauran a tura su can saman benci, kowa na kallon kowa. 'Yan jaridar birnin ne suka fara lura cewa wasu makin sun yi tsallen da hankali ba zai ɗauka ba. Da aka duba takardun amsa na 2009, aka tarar da gogen da ya wuce kima, kusan duk daga kuskure zuwa daidai. Rahoton masu binciken jihar na Yulin 2011 ya sami maguɗi a makarantu 44 cikin 56 da aka bincika, ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178. Wasu kan taru a ƙarshen mako da abin goge fensir su gyara amsoshin yara. A Afrilun 2015 kotu ta kama mutum 11 da laifi a ƙarƙashin dokar da aka yi domin gungun masu aikata manyan laifuffuka. Hall ta musanta sanin abin da ke faruwa, ta kuma rasu wata guda kafin hukuncin ba tare da an yi mata shari'a ba. Waɗanda ba a cika ambata ba su ne yaran: dubbai da takarda ta ce sun iya karatu, don haka aka hana su taimakon da ake bai wa masu rauni, aka ɗaga su aji na gaba.

Tun a shekarun 1970 masanin zamantakewa Donald Campbell ya yi kashedin cewa duk adadin da aka ɗora wa nauyin yanke hukunci a kan mutane, matsin lamba zai gurɓata shi, ya kuma gurɓata aikin da aka ce ya auna. Akwai ma matsalar da ba ta buƙatar mugun nufin kowa. Masana tattalin arziki Thomas Kane da Douglas Staiger sun nuna cewa ƙananan makarantu sun fi yawa a saman jeri, sun kuma fi yawa a ƙasansa, saboda a ajin yara talatin, haziƙai uku ko zazzaɓin mako guda sun isa su juya sakamako. Zakaran bana na iya zama kurar baya baɗi ba tare da malami ko ɗaya ya sauya halinsa ba.

To, a daina awon ke nan?

A nan tarihi ya ƙi bai wa masu adawa da awo abin da suke so. Ingila da Wales sun fara wallafa teburin sakamakon makarantun sakandare a 1992, a jere kamar na gasar ƙwallon ƙafa. A 2001 Wales ta soke nata, Ingila ta ci gaba, alhali jarrabawarsu iri ɗaya ce. Masu bincike na Jami'ar Bristol, Simon Burgess da abokan aikinsa, suka kwatanta ɓangarorin biyu, suka gano cewa bayan sokewar ɗalibin Wales ya koma baya da kusan daraja biyu a jimillar sakamakonsa na kammala sakandare idan aka gwada shi da takwaransa na Ingila. Makarantun da ke sama ba su girgiza ba. Na talakawa ne suka fi zamewa. Idan aka kashe fitila, ba 'ya'yan masu hali ne ke yin tuntuɓe ba.

Don haka ƙoƙarin shekaru talatin ɗin nan ya karkata ga gyara ma'aunin. William Sanders, masanin ƙididdiga da ya fito daga fannin binciken noma, ya tsara wa jihar Tennessee hanyar auna abin da makaranta ta ƙara wa yaro daga inda ta same shi, aka sa ta a doka a 1992. Ingila ta daɗe tana auna sakandare da yawan ɗaliban da suka samu kyakkyawar daraja a darussa biyar, abin da ya sa malamai suka tattara ƙarfinsu a kan yaran da ke bakin layi, suka bar na sama da na ƙasa, tamkar dai a 1862. A 2016 ta koma auna ci gaban kowane ɗalibi a darussa takwas tun daga ƙarshen firamare. Ba a jima ba aka fara kokawa da makarantun da ke lallaɓa iyaye su cire raunanan yara kafin shekarar jarrabawa.

Ita ma kalmar yabo ta nuna haɗarinta. Daga 2012 aka keɓe makarantun da hukumar Ofsted ta kira fitattu daga dubawar yau da kullum, wasu suka shafe fiye da shekara goma da tutarsu a bakin ƙofa ba wanda ya leƙa su. Da aka dawo duba su a zangon 2021 zuwa 2022, kashi 17 cikin ɗari ne kacal na waɗanda aka yi wa cikakkiyar dubawa suka riƙe matsayin. A Janairun 2023 Ruth Perry, shugabar wata firamare a garin Reading, ta hallaka kanta tana jiran fitowar rahoton da zai sauko da makarantarta daga mataki na ƙoli zuwa na ƙarshe. Binciken musabbabin mutuwarta ya tabbatar cewa dubawar ta taimaka wajen abin da ya faru. A Satumban 2024 gwamnati ta daina taƙaita makaranta da kalma guda, shekara 142 bayan Mundella ya fara.

A Afirka, Kenya ce ta fi fito da rikicin fili. Jera makarantu bisa sakamakon jarrabawar ƙasa ya zama bikin shekara-shekara, ana ɗaga shugabannin makarantu a kafaɗa a gaban kyamara, har gwamnati ta hana jerin a ƙarshen 2014, tana zargin sa da haddasa maguɗi da tilasta wa yara maimaita aji da yi wa raunana rajista a wasu cibiyoyi. Da aka tsaurara tsaron jarrabawa a 2016, masu daraja ta ƙoli a jarrabawar kammala sakandare suka faɗo daga sama da 2,600 zuwa 141 a shekara guda. A Nijeriya ma'aunin da kowa ya sani shi ne kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a jarrabawar WAEC ko NECO, kuma da shi jaridu ke jera jihohi, gwamnoni ke bugun ƙirji. Ma'auni ne mai makanta biyu. Ba ya ganin yaron da bai kai aji shida na sakandare ba, saboda haka jihar da yaranta suka fi zubewa a hanya tana iya fitowa da kaso mai kyau. Ba ya kuma tambayar yadda aka shiga makarantar: kwalejojin gwamnatin tarayya da makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda Kano ta kafa a 1977, da jarrabawa suke tace ɗalibansu, don haka gwada su da makarantar jeka-ka-dawo ta ƙauye, wadda ke karɓar duk wanda ya zo, ba ya nuna wace ce ta fi iya koyarwa. Cibiyoyin da ake yi wa laƙabi da na mu'ujiza kuwa jikokin malamin nan ne da ya sa yara haddace littafin sufeto.

Wata jiha a arewa maso gabashin Burazil, Ceará, wadda ke cikin matalautan jihohin ƙasar, ta ɗauki wata hanya da ta cancanci a tsaya a kanta. Abin ya faro ne daga garin Sobral, inda a farkon shekarun 2000 gwajin da hukumar garin ta yi ya nuna cewa kusan rabin yaran da suka kamata su iya karatu ba su iya ba. Garin ya mayar da hankali ga abu guda, kowane yaro ya iya karatu a shekarun farko na firamare, ya daina naɗa shugabannin makarantu ta hanyar siyasa, ya riƙa gwada yara akai-akai domin malami ya san wanda ke baya tun da sauran lokaci. Makinsa a ma'aunin ilimi na ƙasa, wanda ke tsayawa a 10, ya tashi daga 4.0 a 2005 zuwa 9.1 a 2017, ya zama na ɗaya a Burazil. Ko a can ba a rasa masu zargin cewa ana horar da yara musamman domin jarrabawa ba, kuma wanda ya biyo wannan tarihi daga farko ba zai yi gaggawar kore zargin ba.

Da tsohon magajin garin, Cid Gomes, ya zama gwamna a 2007, jihar ta ɗaure wani kaso na harajin da take raba wa ƙananan hukumomi da ci gaban karatun yaransu, wato matsin ya hau kan 'yan siyasa, ba malamin aji kaɗai ba. A 2009 ta ƙirƙiro lambar yabo ga makarantu 150 da suka fi fice, da tallafi ga 150 da suka fi rauni. Makaranta ba ta shiga takara sai aƙalla kashi 90 cikin ɗari na yaranta sun zauna jarrabawar, don kada a ɓoye kowa a gida ranar gwaji. Wadda ta ci kuma kashi 75 na kuɗin kawai ake ba ta a hannu. Ana haɗa ta da ɗaya daga cikin makarantun da ke ƙasan jeri, shugabanta da malamanta su riƙa zuwa can suna zama da takwarorinsu a kan tsarin darasi da bibiyar yara. Ragowar kashi 25 ɗin yana nan a baitulmalin jiha har sai ita ta riƙe matsayinta, abokiyar tafiyar tata kuma ta ɗaga nata.